Yadda Ake Noman Kayan Lambu da Ganyen Salak a Gida Lokacin Sanyi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sanyi ya shigo, aikin lambun gida ya ƙare ke nan sai wata shekara, don haka sukan jingine fartanya su bar komayensu ciyawa ta cinye. Wannan zato yana jawo asara mai yawa, domin galibin ganyayen da ake ci ɗanye, irin su latas da lansir da lawashi, tare da kabeji da karas, sun fi jin daɗin sanyi a kan zafi, kuma ɗanɗanonsu ya fi kyau idan a cikinsa suka girma. Abubuwa biyu ne suka fi kayar da mai lambu a wannan lokaci: rashin sanin irin sanyin da yake fama da shi, da kuma jinkirta shuka har sai sanyin ya kankama. Wanda ya gyara waɗannan biyun, ya kuma koyi tsinkar ganye ta hanyar da ba za ta kashe uwar ba, zai iya cin ɗanyen ganye daga ɗan fili kaɗan har sanyi ya wuce.

Fara da sanin sanyin wurinka

Sanyi ba iri ɗaya ba ne, kuma shawarar da ta dace da wani wuri tana iya zama ɓarna a wani. Akwai wuraren da sanyinsu busasshe ne, da dare ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 10 ko 12 a ma'aunin Salshiyas, da rana kuma a sami hasken rana sosai, amma babu ruwan sama, iska kuma tana busar da komai. A irin waɗannan wurare hunturu shi ne lokacin da kayan salak suka fi yin kyau a duk shekara, matsalar kawai ita ce ruwa da iska da ƙura. Akwai kuma wuraren da sanyinsu yake zuwa da damshi da gajeruwar rana, raɓa tana daskarewa a kan ganye da asuba, wani lokaci ma ƙasa kanta ta ƙandare ko dusar ƙanƙara ta rufe ta. A can ruwa ba ya ƙaranci, yawansa ma shi ne abin tsoro, haske kuma shi ne abin da ake nema ido rufe.

Ina ba kowa shawara ya sayi ɗan ma'aunin zafi, musamman irin wanda yake riƙe adadi mafi ƙanƙanta da aka kai cikin dare, ya rataye shi kusa da ƙasa a inda yake son yin lambun, ya riƙa dubawa kowace safiya yana rubutawa. Abin da ake sanarwa a hasashen yanayi na gari ne baki ɗaya, alhali kuwa a cikin gida ɗaya ma ana samun bambancin digiri biyu ko uku tsakanin gindin katanga da tsakiyar fili. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangara ta kwanta a kwari kamar yadda ruwa yake yi, shi ya sa komin da yake a gangare yakan ƙone da sanyi alhali na kan tudu bai ji komai ba. Daren da ya fi haɗari kuwa shi ne wanda sama ta yi garau, taurari suka fito tar, iska ta tsaya cik, domin a irin wannan dare ne ɗumin da ƙasa ta tara da rana yake tserewa sama ba tare da gajimare ya tare shi ba.

Lokacin shuka

Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane, kuma a lambun sanyi maganar ta zauna daram. Tsiro yana bukatar ɗumi da haske kafin ya yi girma, sanyi kuwa rage masa gudu yake yi. A wuraren da suke nesa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, inda tsawon yini yakan kasa awa 10 a tsakiyar hunturu, yawancin ganyaye sukan kusan daina girma gaba ɗaya na tsawon makonni ko watanni, ko da an kare su daga ƙanƙara. Ba mutuwa suke yi ba, tsayawa suke yi su jira. Ma'anar wannan ita ce, abin da za ka ci a tsakiyar sanyi dole ne ya riga ya kusan kai girmansa kafin wannan lokaci ya zo, lambun kuma ya zama kamar rumbu mai rai wanda kake ɗiba daga cikinsa kaɗan-kaɗan.

Hanyar lissafin ba ta da wuya. Ka duba bayan takardar irin ka ga kwana nawa aka rubuta yake ɗauka kafin ya nuna, ka ƙara mako biyu a kai saboda raguwar haske, sannan ka ƙirga baya daga ranar da aka saba ganin raɓa ta fara daskarewa a wurinku. Idan latas ɗinka na kwana 50 ne, to ka ba shi kwana 64 ko fiye. Kabeji, wanda yakan ɗauki kwana 70 zuwa 120 bayan dashe gwargwadon irinsa, tun zafi bai gama wucewa ba ake fara renonsa. Na sha ganin wanda ya shuka latas bayan sanyi ya yi tsanani, tsiron ya fito da ganye biyu ya tsaya a haka wata biyu cur, mai shi yana ta zuba taki yana zargin irin, alhali irin ba shi da laifi.

Inda sanyi yake da sauƙi kuma rana take da tsawo, lissafin ya juya. A can abin da ake gudu shi ne zafin da ya gabaci sanyi da wanda zai biyo bayansa. Irin latas ya fi tsirowa da kyau tsakanin digiri 15 zuwa 20, idan kuwa zafin ƙasa ya doshi digiri 30, yawancinsa yakan kwanta barci ya ƙi fitowa. Don haka a jira dare ya fara sanyi tukuna, a shuka da yamma a wuri mai inuwa, sannan kada a zuba irin duka a rana ɗaya. A riƙa shuka kaɗan duk bayan mako biyu, ta yadda idan na fari ya tsufa na biyu ya kawo, maimakon a wayi gari da latas talatin da suka nuna lokaci guda a gidan mutum biyar.

Abin da ya kamata a shuka

Da farko a cire rai daga masu son zafi idan wurin yana daskarewa. Tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa da kokwamba da gauta duk ba sa jure ƙanƙara, dare ɗaya a sifiri ya isa ya mai da ganyensu baƙi, kuma tun daga ƙasa da digiri 10 suke fara tsumewa. Alayyahun da muka sani ma yana cikin wannan rukuni, kuma nan ne mutane da dama suke ruɗewa, domin akwai wani ganye daban da ake kira alayyahun Turawa ko sifinash, wanda ɗabi'arsa ta sha bamban da ta namu, shi kuwa sanyi ne abincinsa. Yana tsirowa ko da ƙasa tana digiri 5, yana kuma iya jure digiri 8 ko 9 ƙasa da sifiri ya farfaɗo da hantsi kamar ba a yi komai ba.

A cikin latas, wanda yake buɗe ganye ba ya dunƙule kai shi ya fi dacewa da lambun gida, saboda yana saurin kawowa, ana iya tsinkarsa ganye-ganye, kuma damshi ba ya maƙalewa a cikinsa ya ruɓar da shi kamar yadda yake yi wa mai dunƙulallen kai. Latas yana jure sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri da digiri biyu ko uku, ƙananansa ma sun fi manya juriya, amma fiye da haka sai da rufi. Lansir kuwa, a ganina, shi ya kamata duk mai koyo ya fara da shi, domin cikin mako biyu ake yankarsa, kuma ko a faranti a bakin taga yana yi. Ganyen mustad da roket suna da ɗan yaji mai daɗi, suna kuma jure sanyi fiye da latas. Faski yana da jinkirin tsirowa, yakan kai mako uku ko huɗu kafin ya leƙo, amma idan ya kafu yana daɗewa ana cinsa.

Dangin kabeji su ne jaruman wannan lokaci. Akwai wani irinsu da ba ya dunƙulewa, mai ganye a cukurkuɗe, da ake kira kel, wanda yake jure digiri 10 ƙasa da sifiri har da ɗoriya. Shi da karas suna da wata baiwa da ya kamata a sani: idan sanyi ya buge su, sukan ƙara yawan sukarin da ke jikinsu domin ruwan cikinsu ya yi wuyar daskarewa, kuma wannan ne dalilin da ya sa karas ɗin da ya kwana a ƙasa mai sanyi ya fi na lokacin zafi zaƙi nesa ba kusa ba. Radish, wanda saiwarsa ake ci kamar karas, yana nuna cikin wata ɗaya idan akwai haske, don haka ana cusa shi a tsakanin layukan kabeji kafin kabejin ya baje.

Albasa tana da nata sharaɗi. Tsawon yini ne yake sa ta fara yin kai, wasu ire-irenta suna bukatar awa 10 zuwa 12, wasu kuma sai yini ya kai awa 14 zuwa 16, saboda haka wanda ya sayi irin da bai dace da wurinsa ba zai sami ganye kawai. Idan lawashi ake so, wannan ba damuwa ba ce, ana ma iya dasa gindin da aka yanke mai saiwa ya sake tohowa. Tafarnuwa ana binne ɗiyanta ne a farkon sanyi, zurfin santimita 3 zuwa 5, tsinin yana kallon sama, kuma makonnin sanyin ne suke taimaka mata ta rarrabu zuwa ɗiya-ɗiya, sai dai girbinta sai bayan sanyi ya wuce.

Wuri da ƙasa da taki

A zaɓi wurin da rana ta fi daɗewa a kansa, a kuma tuna cewa a hunturu rana tana karkata, inuwar gini da ta bishiya takan yi tsawo fiye da yadda aka saba gani. Ga wanda yake arewacin tsakiyar duniya, rana tana karkata ne zuwa kudu, don haka gindin katangar da take fuskantar kudu shi ne wuri mafi ɗumi, ga wanda yake kudanci kuma akasin haka. Katanga tana shan zafin rana da yini ta riƙa sako shi da dare, tana kuma tare iska. Ganyen salak yana iya haƙuri da awa huɗu ko biyar na hasken rana kai tsaye, amma karas da kabeji da albasa suna son shida zuwa sama.

Siffar komi ta danganta da irin sanyin. Inda ake ruwa da damshi, a ɗaga komin sama da santimita 15 zuwa 20 domin ruwa ya tsiyaye, saboda saiwar da ta zauna cikin ruwa mai sanyi ruɓewa take yi, kuma wannan ya fi ƙanƙara kashe shuka. Inda sanyi yake bushe kuwa, a yi komi mai ɗan zurfi da gefe a ɗage domin ya riƙe ruwan da aka ba shi. Faɗin komin kada ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, ta yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ciki an danne ƙasar ba.

A kan taki ina so in ɗan tsaya, domin abin da ake nomawa a nan ɗanye ake cin yawancinsa. Takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu, shi ne ya dace, a baza shi kaurin yatsa biyu a cuɗa da ƙasar sama. Ɗanyen kashin dabbobi ko na kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan iya fantsama kan ganye, saboda haka idan dole sai an yi amfani da shi, a bar aƙalla wata huɗu tsakanin zuba shi da cin ganyen. Yana kuma sa karas ya yi rassa kamar yatsu. Takin zamani mai sa ganye kore, irin su yuriya, a rage shi sosai idan haske ya yi ƙaranci, domin yana fito da ganye mai laushi da ruwa-ruwa wanda sanyi da darɓa, wato ƙananan kwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, suke saurin kamawa, sannan sinadarin naitiret yakan taru a ganyen da bai sami isasshiyar rana ba.

Wanda ba shi da fili zai iya amfani da bokiti ko buhu ko akwatin katako, muddin an huda ƙasansa ruwa yana fita. Zurfin santimita 15 ya ishi latas, karas kuwa yana son 25 zuwa 30. Sai dai a sani cewa ƙasar cikin mazubi tana saurin daskarewa fiye da ta fili, don haka a daren tsananin sanyi a tara su wuri ɗaya a gindin bango, a naɗe su da tsohon buhu ko bargo.

Shuka da dashe

Irin latas ƙanana ne ƙwarai, kuma binne shi da zurfi na daga cikin manyan dalilan da suke hana shi fitowa. A barbaɗa shi, a yayyafa ƙasa mai laushi da ba ta wuce rabin santimita ba, a danna da tafin hannu, a ba shi ruwa da buta mai ƙananan huji. Yakan fito cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, a ƙasa mai sanyi sosai kuma yana iya kai mako uku. Idan ya yi ganye huɗu ko biyar sai a dasa shi da yamma, tazarar santimita 20 zuwa 25, kuma a lokacin damshi gara a buɗa tazarar domin iska ta riƙa ratsawa. Kada a nutsar da wuyan dashen cikin ƙasa, domin daga nan ruɓa take farawa. Kabeji yana son santimita 45 zuwa 60, shi kuma ana ɗan nutsar da shi a danne gindin sosai don kada iska ta riƙa girgiza shi.

Karas da radish ba a dasa su, a wurin zamansu ake shuka su. Karas yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya fito, kuma idan saman ƙasa ya bushe ya yi ɓawo a wannan tsakani, an yi asarar irin; shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a kan layin yana maganin haka, amma a riƙa ɗagawa kullum a cire shi da zarar tsiro ya leƙo. Bayan nan sai a rage su, a bar santimita 5 tsakanin kowanne. Duk dashen da aka rena a ɗaki ko a ƙarƙashin rufi, a riƙa fito da shi waje na 'yan awoyi kowace rana har mako guda kafin a dasa, domin ya saba da iska.

Ruwa da rufi

Da safe ake ban-ruwa a lokacin sanyi, bayan rana ta ɗan ɗaga, domin ganye ya bushe kafin dare. A zuba a gindi, kada a yi wa shukar wanka. Kafin a zuba kuma a tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu: idan akwai danshi a bari sai gobe. Inda iska take busar da ƙasa, komin latas yana iya bukatar ruwa kowace rana, kuma rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi yana rage wannan wahala ƙwarai, haka ma kafa shinge a ɓangaren da iska take bugowa. Inda ake damshi kuwa, shukar da ke cikin rumfar leda tana iya yin mako biyu ba ta nemi ruwa ba. Ruwan ya zama mai tsabta, kada a yi amfani da na kwata a kan abin da za a ci ɗanye. Wani abin lura shi ne, ƙasa mai ɗan danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumi, saboda haka komin da ya bushe ƙayau ya fi fuskantar haɗari a daren ƙanƙara.

Rufi mafi sauƙi shi ne farin yadi marar nauyi da ake sayarwa domin shuka, wanda haske da iska da ruwa suke ratsa shi, yana kuma ƙara ɗumin kamar digiri biyu ko uku, wanda sau da yawa shi ne tazarar da ke tsakanin rai da mutuwa ga latas. Idan babu shi, tsohon zanen gado yana yi, a rufa da magariba a yaye da hantsi. Mataki na gaba shi ne a lanƙwasa waya mai kauri ko siririn bututun roba a yi baka-baka a kan komin, a ja farar leda a kai, a danne gefunan da duwatsu. Kada ledar ta taɓa ganye, domin duk inda ta taɓa sanyi yana ratsawa ya ƙona wurin. Ana kuma iya yin akwati marar gindi a ɗora masa tsohuwar taga mai gilashi a karkace tana fuskantar rana. Jarkokin ruwa masu duhun launi da aka ajiye a ciki suna shan zafi da rana su sake shi da dare, kuma a sanyi mai tsanani ana haɗa biyu, yadi a kan shukar, leda a sama.

Sai dai rufi yana da nasa sharri, kuma ni kaina na ɗanɗana. Wata shekara na rufe komin latas da leda na toshe ko'ina saboda tsoron sanyi, na bar shi haka kwana huɗu. Ranar da na ɗaga, wani ɗumi mai warin ruɓa ne ya fara bugun fuskata, ledar tana ɗigar da ruwa ta ciki, gindin kusan kowane latas kuma ya yi laushi da wata fumfuna mai launin toka kamar gashin ɓera, ina taɓa ganye yana rabuwa da uwar. Sanyin da na ji wa tsoro bai taɓa su ba, rashin iska ne ya cinye su. Tun daga ranar, duk safiyar da ma'auni ya haura digiri 5 nakan buɗe bakin rumfar biyu, in rufe kafin la'asar sakaliya domin a kama ɗumin yamma. Ko a ranar da ake jin sanyi a jiki, idan rana ta fito, cikin rufaffiyar leda yana iya yin zafin da zai dafa ganye.

Kwari suna raguwa da sanyi amma ba sa ƙarewa. Darɓa takan ɓuya a bayan ganye da cikin tsakiya, ana wanke ta da ruwa ko a fesa ruwa mai ɗan sabulu, kimanin ƙaramin cokali ɗaya a lita guda. Tsutsar kabeji a tsince ta da hannu, ko a rufe shukar da raga mai ƙananan ido tun ranar dashe. Inda ake damshi dodon koɗi yakan fito da dare, kuma ajiye ɗan katako a gefen komi yana sa su taru a ƙarƙashinsa a kwashe da safe. Tsuntsaye da ɓeraye ma sukan matsa idan abinci ya yi musu wuya a waje. Duk ganyen da ya yi rawaya ko ya kwanta a ƙasa a cire shi nan take.

Girbi

A nan ne ake gane wanda ya iya lambun sanyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne tumɓuke latas gaba ɗaya, alhali tushe ɗaya yana iya ba da ganye na wata biyu ko uku idan aka bi shi a hankali. A fara daga ganyen waje, na ƙasa, a kama shi kusa da gindi da babban yatsa da manuni, a karya shi ƙasa da gefe ya fita tsaf ba tare da an bar guntun da zai ruɓe ba. Daga kowane tushe a ɗauki ganye biyu ko uku, a bar aƙalla huɗu ko biyar na tsakiya, domin su ne za su ci gaba da karɓar haske su ciyar da sabon toho. A tsakiyar sanyi, lokacin da girma ya tsaya, a ƙara sassauta hannu, kada a ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen, a kuma riƙa zagayawa, yau wannan layi, mako mai zuwa wancan. Saboda wannan jinkiri ne ya kamata a shuka ninki biyu ko uku na abin da aka saba shukawa a lokacin ɗumi. Haka ake yi wa alayyahun Turawa da kel da faski.

Ganyayen da aka shuka a cunkushe, irin su mustad da roket da ƙananan latas, da almakashi ake yanke su idan sun kai tsawon yatsa ko fiye, a bar santimita 3 daga ƙasa domin idon tohon ya tsira, kuma sukan sake fitowa sau biyu ko uku. Lawashi ma a yanke shi sama da gindi a bar saiwar.

Akwai doka guda da ba a karya ta: ba a taɓa ganye yana daskare. Da asuba za ka iya tarar da latas ya yi tauri, ya yi duhu kamar gilashi, ka ɗauka ya mutu. Idan ka tsinke shi a haka, ko ka murza shi, ƙanƙarar da ke cikinsa za ta farfasa naman ganyen, ya narke ya zama kamar dafaffe. Ka ƙyale shi rana ta narkar da shi a hankali, zuwa azahar sau da yawa za ka gan shi ya miƙe garau. Saboda haka a wurin da ake ƙanƙara tsakar rana zuwa la'asar ne lokacin tsinka, inda kuwa rana take da zafi ko a hunturu, sanyin safiya ya fi, tun ganyen yana cike da ruwa.

Karas ba ya bukatar a haƙe shi duka. Ƙasa ita ce ma'ajiyarsa mafi kyau a lokacin sanyi, a rufe layin da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 15 zuwa 20 don kada ƙasar ta ƙandare, a riƙa zaro na bukata, a fara da waɗanda kafaɗarsu ta fi faɗi. Da an cire shi a murɗe ganyen, domin yana ci gaba da zuƙe ruwan jikinsa ya sa shi yaushi. Kabeji kuma a matsa kansa da hannu, idan ya yi tauri ya isa yanka, kuma idan aka bar kututturen da 'yan ganyen ƙasa aka tsaga samansa da wuƙa, yakan fito da ƙananan kawuna daga baya.

Ganyen da aka tsinko a wanke shi a ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, a tsane shi sosai, a naɗe a kyalle mai tsabta a sa a mazubi mai murfi cikin firiji, inda zai iya kai mako guda. Kada a ajiye shi kusa da ayaba ko tuffa, saboda iskar da suke fitarwa yayin nuna tana sa latas ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa.

Idan yini ya fara tsawo, ɗumi ya dawo, shukar da ta yi kamar ta yi barci za ta zabura da girma, kuma makonnin nan su ne mafi yalwar ganye a duk kakar. A ƙara ruwa, a ɗan ƙara taki, a yaye rufin da rana gaba ɗaya, a kuma ƙara yawan tsinka. Ba da daɗewa ba za a ga tsakiyar latas ta fara tsini tana miƙewa sama, farin ruwan da ke cikin karan ya ƙaru, ganyen ya soma ɗaci, alamar yana shirin fure ke nan kuma ba a iya mai da shi baya. A cinye na ci da wuri, a bar tushe ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka fi jinkirin miƙewa su yi fure, muddin ba irin da kamfani ya haɗa aure ba ne wanda ake rubuta wa F1 a jikin takarda, domin 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar. Idan furen ya bushe ya yi farin gashi kamar auduga, a karkaɗe shi cikin ambulan na takarda, a rubuta suna da shekara a jiki, a ajiye a wuri busasshe mai sanyi har lokacin shuka ya zagayo.